Bayan Haya

Bakwai saura kwata nake buɗe ƙofar gidan raino
a Sabon Gari, bayan shagon mai facin taya.
Ɗai-ɗai suke isowa, wasu a mota, wasu a gaban kabu-kabu,
ƙafa ba ta kai ƙasa ba, jaka ta fi bayan faɗi.
Yara goma sha tara. Na san kukan kowa:
wannan na yunwa ne, wancan na haƙori,
na Indatu kuwa na ganin ƙeyar uwa ne a bakin ƙofa,
shi ba ya da magani sai zane.

Zanen nawa ne. Bayan ma nawa ne.
Madam Habsu ke karɓar kuɗin hayarsa:
jika goma sha biyu kowane kai, kowane wata,
a ciki za a fidda madara, a fidda sabulu,
a fidda na ɗan garuwa
ranar da pampo ya yi tari sau biyu ya yi shiru.
Ba na zarginta. Na leƙa littafinta,
jan biro ya fi shuɗi aiki a ciki.
Ƙarshen wata ta ƙirgo mini ashirin da biyar,
ta kau da kai kamar mai biyan rabin bashi.

Nawa ɗan, Mutari, wata goma sha huɗu,
yana Garin Malam wurin Iya,
wadda idonta ya soma yana.
Da bakin gyalenta take ɗaure masa ƙafa
kada ya rarrafa wajen murhu.
Takunsa na fari, labari aka ba ni.

Ran Talata wata uwa, tana gyara wa ɗanta takalmi,
ta ce ta ji an ce, wai an ce,
gwamnati za ta kama wa iyaye kunnen tulu.
Na roƙi rabin wuni, na tafi meri.
Layi ya kai gindin dogon yaro.
Takardar haihuwa, hoto biyu, tambarin dala ɗari,
na riƙe su a leda kamar ƙwan zabi.

Mai taga bai ɗago ba. "Sana'a?"
Na ce raino.
Ya bi takarda da bakin biro, sama zuwa ƙasa,
ya juya ta, ya sāke bi.
Akwai gurbin tela, akwai na mai tuyar ƙosai,
akwai na ungozoma.
Nawa babu.

Sai ya ɗago, ya sauke tabarau.
"Ke ce Tanti Sahura?
Da sunanki Indatu ke barci.
In ta faɗi a gida, ba uwarta take kira ba."
Muka yi shiru, ni da shi, fanka na juyi.
Ya ce shi ma ranar biya ce ke hana shi runtsawa.
Ya ce maganar ba ta sauko daga Yamai ba tukuna,
ko tana hanya, ko ba ta taso ba, Allah masani.
Ya rubuta sunana da fensir a bangon fayil,
"Ki leƙo bayan damina."

A hanya na yi lissafin da na saba:
ashirin da biyar, a cire sha biyu,
a cire haya, a cire hatsi,
kafin in kai duwatsun Birni hannuna ya koma wofi.

Magariba na shiga gida.
Mutari ya shinshina kafaɗata, ya ji hodar ƴaƴan wasu,
ya tsuke baki, ya yi nazari, sannan ya yafe.
Ƙugu na sara, duk da haka na sunkuya,
na ɗora shi, na ja zane, na ƙulle tamau.
Iya ta ce, "Ki huta mana."
Na ce bari, Iya.
Wannan sa'ar ba ta cikin littafin kowa.