Ganyen Kori a Bayan Gidan Thankamma

A Kerala, inda damina ke shigowa ba sallama,
bayan gidan Thankamma, tsakanin rijiya da kwakwa,
akwai wani ɗan itacen kori da bai wuce ƙugu ba.
Shekara uku yana nan, siriri kamar tsinken tsintsiya.

Da ciwon gwiwa ya zaunar da ita a kujerar baranda,
mijinta Kunjappan, tsohon mai fito da kwalekwale,
ya gaji aikin lambu ba da son ransa ba.
Ruwa ya sani, ruwa ya yi ta tuttulawa
safe da yamma, har ganye ya yi rawaya ya zuba.

"Ba kogi ba ne," in ji ta. "Bar ƙasa ta sha iska.
Kawo tsala mai tsami, ka sirka da ruwa,
sau ɗaya a mako. Ruwan wankin shinkafa kuma
ka daina zubarwa a kwata.
Sannan ka yanke masa kai."

Nan ya tsaya, da almakashi a hannu.
Shekara arba'in yana tsallakar da mutane,
bai taɓa rage wa mai rai tsawo ba.
Ya runtse ido. Ƙas!

Kwana goma sha tara kututture bai ce uffan ba.
Shi ma bai ce ba. Sai zagaye yake
kamar mai jinya, yana tsince tsutsar malam-buɗe-littafi
yana lallaɓawa ya kai ta kan lemun maƙwabci.

Ran na ashirin, toho biyar,
ja-ja, ƙanana kamar kunnen ɓera.

Yau man kwakwa na tafasa a kasko.
Ya tsinko reshe guda, ya zage shi da yatsa biyu,
ya watsa: tas, tas-tas!
Ƙamshi ya haura katanga, ya tsayar da mai tallan kifi.

Da suka ci, kowa ya tsame ganyen
ya tura gefen faranti, yadda aka saba:
ya gama aikinsa, ba mai waiwayarsa.
Kunjappan ya daɗe yana kallon nasa.
Ya dubi gwiwarta, ya dubi tafinsa mai kanta,
ya ɗauki ganyen ya tauna,
ɗaci-ɗaci, har ya haɗiye.

Thankamma ta yi kamar ba ta gani ba.
Ta ce, "Gobe ranar tsala ce."