Zobe a Cikin Lemo

A Valparaíso, inda gidaje ke hawan tudu
kamar awaki masu launi,
Don Eleuterio ya karɓi zoben wata mata,
ya dunƙule hannu, ya buɗe, wayam.
Sai ya miƙa mata lemo da wuƙa.
Ta yanka, ta ƙwalla ihu.
Ga zoben a ciki, jiƙe da ruwa.

Shekarata goma sha huɗu a ranar.
Tara na ƙara ina ɗaukar masa jaka,
ina goge takalmi, ina sayo lemo a kasuwa,
kafin wani dare ya rufe taga ya ce:
"Matso, Baltasar. Sau ɗaya zan yi a hankali.
Abin da ido ya gani, baki bai gani ba."

Na rantse. Ban tambayi har yaushe ba.

Sirrin kuwa, in ka ji shi sai ka yi tsaki,
ɗan abu ne, bai kai ƙwayar gero ba.
Shi ya sa ake ɓoye shi,
kada mai kallo ya koma gida hannu rabbana,
an ƙwace masa mamakin da ya biya.

Mun binne tsohon cikin hunturu, ana yayyafi.
Masu dabo bakwai a bakin kabari,
kowa da asirinsa a aljihu,
kowa na satar kallon aljihun ɗan'uwansa.
Casimiro ya ja ni gefe: "Mu yi musaya,
ka ba ni lemo, in ba ka kurciya."
Na ce lemon ba nawa ba ne.
Ya ce, "To na wa?
Mai shi ga shi can ana zuba masa ƙasa."

Wani ya zo da kyamara da kuɗin hayar shekara.
Na ba shi shayi, na raka shi ƙofa.
Bayan wata uku na ga wani yaro a waya
yana tona asirin kurciyar Casimiro, yana dariya.
Dubbai sun gani, sun ce ashe, sun wuce.
Casimiro ya saki tsuntsayensa.
Yanzu tikitin bas yake sayarwa.

Amma ga abin da ba a gaya mini ba:
yatsu ma suna tsufa.
Bara zobe ya kufce mini a dandali,
ya gangara ƙarƙashin benci, kowa na kallo.
Na kwana ina lissafi.
In na mutu da shi, amana na riƙe,
ko mutumin na binne sau biyu?

Akwai wata yarinya, Ludovina, 'yar mai sayar da kifi.
Wata takwas tana tsayawa ta haguna,
daidai inda ba na son kowa ya tsaya.
Ba ta taɓa yi mini tafi ba.
Rannan ta ce, "Lokacin da kake hura hannu,
zoben ya riga ya tafi."
Ba ta faɗa a gaban jama'a ba.
Sai da aka watse, ina naɗe kaya.
Jiran nan ne ya buɗe mata ƙofa.

Na rufe taga. Na yi sau ɗaya, a hankali,
sannan na sake, don hannuna ba nasa ba ne.
Ban sa ta rantse ba.
Na ce: kada ki fito da shi sai ya nuna,
kada ki ba wanda zai farke cikinsa don a ga hanji,
in an tambayi na wa ne, ki kira sunan tsohon daidai,
Eleuterio, kada ki haɗiye rabi.

Ta ce to. Ta ɗauki lemon, ta jujjuya shi,
ta ce, "Me ya hana ku gwada da hagu? Ya fi sauƙi."

Shekara arba'in da ɗaya ina yi da dama.
Na zauna a bakin gado.
Can ƙasa wani jirgi ya yi kuka a tasha.
Na ce, "Sake yi in gani."