Littafin Dawakin Kyaftin Stedwell

Sunana Orrin Stedwell, ɗan mai gyaran agogo,
daga wani ƙauyen Ohio inda masara ke fin mutum tsawo.
Shekara saba'in da ɗaya. Haƙora shida. Ɗan fansho.
Gwiwar hagu ke gaya mini ruwa na tafe
tun hadari bai haɗu ba.

Jikata Lavinia ta ce, "Kaka, mutum nawa ka kashe?"
Na ce, miƙo littafin can mai bangon fata,
in karanta miki dawaki.

Na farko akawal ne.
Ina sabon laftanar, gashin baki bai gama tofowa ba.
Yaƙin basasa ya ci shi a gindin wata gada a Virginia;
harsashin da aka aiko mini, shi ya karɓa.
Na kwance sirdi na ɗora a ka, tafiyar mil tara,
ina hawaye, ina cewa hayaƙi ne.

Na biyu kili, mai cizo, ɓarawon burodi.
Na uku ko suna ban sa masa ba,
kwana huɗu muka yi tare.

Da yaƙi ya lafa aka ce mu yi yamma,
inda ciyawa ba ta da iyaka, sama ba ta da murfi,
garken ɓauna na wuce mu tun hantsi har la'asar.
Barikin katako, wake da naman gishiri,
busar ƙaho da asuba, busar ƙaho da dare.
Wasiƙar matata Hesper wata biyu take yi a hanya.
Ina karanta "Amos ya fara tafiya",
ashe ciyawa ta riga ta tsiro a kabarinsa.

A can na sami goɗiyata bidi,
wadda ta san hanyar ruwa fiye da taswirar gwamnati.
Ita na hau a wannan asubar.

Dusar ƙanƙara har gwiwar doki.
Mun ɗaure takubba da tsumma kada su yi ƙara.
Bukkokin fata arba'in a bakin rafi, na mutanen Cheyenne,
hayaƙi na tashi a hankali kamar numfashin mai barci.
Wani kare ya yi haushi sau ɗaya.
An ce umarni ne. Na ɗaga hannu. Na sauke.

Abin da ya biyo baya ba ya cikin littafi.

Abin da ke ciki shi ne na yamma:
dawakinsu ɗari uku da goma sha biyu,
aka ce kada a bar ko ɗaya da rai.
Ni na ƙirga. Sajan Dunleavy ya raba harsasai.
Cikin waɗanda muka kama akwai yaro,
bai fi ki tsawo ba, ba takalmi a ƙafarsa.
Ya sa yatsu biyu a baki ya yi fito,
wani ɗan danda ya ɗago kai daga tsakiyar garke,
ya nufo shi da sassarfa.
Taku goma ya rage.

Bayan nan suka ƙara mini girma.
Jarida ta buga sunana, ta ɓata harafi ɗaya.
Goɗiyata kuwa ta daina cin hatsi a tafin hannuna,
sai na zuba a ƙasa na juya baya.

Yanzu ina gyara agogon maƙwabta da kayan aikin ubana.
Ba wanda na iya mayarwa baya.
In tukunyar shayi ta yi fito a kan murhu,
nakan tashi in fita waje, ko ana ruwa.

Lavinia ta ce, "Yaron fa, wa sunansa?"
Na buɗe shafi, na bi layi da yatsa:
launi, tsawo, shekaru, ranar mutuwa,
har tabon da ke goshin ɗan dandan na rubuta.

Na ce, rufe littafin, yarinya.
Ban tambaya ba.