Karofin da Ba Shi da Baki

A ƙasan adakar Kaka Mati,
tsakanin layu da tsofaffin takardun haraji,
na tsinci maɓallin tagulla guda,
da zanen ƙugiya mai baki biyu a kansa.
Anga ke nan, in ji shi,
da ita ake turke jirgi yadda ake turke jaki.

Marini ne shi, a Ƙofar Mata aka haife shi,
baba ya ci hannunsa har gwiwa,
sabulu ya yi ta fama ya haƙura.
Shekarar da Ingila ta kira Jamus kokawa
mai unguwa ya zo ƙirga samari,
yatsansa ya tsaya kan Mati,
ya zarce kan Ɗangoggo, mai riƙe masa muciya.

Jirgin ƙasa ya zubar da su Ikko.
Daga nan ƙasa ta ƙare.

Ya ce: Yaro, teku karofi ne,
sai dai ba shi da baki,
ba wanda ya zuba masa toka, ba mai motsa shi,
shi ke motsa kansa, ya motsa hanjinka.
An jera mu a cikin jirgi kamar buhunan gyaɗa.
A gefenmu manuwa take tafe,
mai launin tokar murhu, bututu uku na aman hayaƙi,
igwoginta sun miƙa wuya kamar raƙuma sun hango rijiya.
Ita ce makiyayinmu, aka ce.
Ban taɓa ganin makiyayin da bai san sunan dabba ko ɗaya ba.

Da dare ba a kunna ko ashana.
Jirgi ya karkata dama, ya karkata hagu,
wai kada maƙiyi ya gane sawunsa.
Ka tayar da salla kana duban gabas,
kafin ruku'u gabas ta koma bayanka.

Akwai wani hafsan ruwa, saurayi, fuska duk zanzana,
Mai Lofe muke ce masa.
Na sa tafinta ya tambaye shi inda Makka take.
Ya duƙa kan wani agogo mai tsinke ɗaya,
ya daɗe,
sannan ya zare lofe daga baki ya nuna arewa.
Arewa, yaro! Mun yi nisan da alƙibla ta sake gida.

Tari ya kama Ɗangoggo ran Laraba,
asubar Lahadi ya cika.
Aka ɗinke shi cikin tamfol, da ƙarfe a ƙafafunsa.
Na roƙa a tsaya ko na ƙiftawar ido,
aka ce doka ta hana, jirgi ba ya tsayawa don mutum ɗaya.
Mai Lofe ya cire hula, ya sake nuna mana arewa,
ya sa kafaɗa muka ɗaga katakon tare.
A nan zaren maɓallinsa ya tsinke.
Na taka shi da ƙafa har kowa ya watse.

Ban mayar masa ba.
Sun ɗauki mutum, na ɗauki maɓalli.

Da na dawo, Tabawa ta tare ni a zaure,
ba sannu da zuwa, ba ruwan sha:
Ina aka kwantar da ɗana, in je in yi masa addu'a?
Na rasa baki.
Na ja ta har marina, na buɗe karofin da ya fi zurfi.
Ta leƙa, ta ga fuskarta tana rawa a shuɗi.
Ta ce, ashe ya ji sanyi.

Kaka ya daɗe da bin Ɗangoggo,
shi kam ya samu ƙasa.
Karofinsa ya bushe, leda ta cika shi.
Ni ban taɓa ganin teku ba,
amma in na goge maɓallin da lemon tsami
sai in kai shi bakin harshe,
ko zan ji gishiri.