Baƙon Azahar

Shekara uku ke nan da na rataye lauje.
Ciyawa ta kai mini gwiwa a bayan gida,
ƙaya ta yi fure, na ƙyale ta,
na dasa labanda jikin katangar dutse.
Maƙwabciyata Milojka ta leƙo ta shinge:
"Zdravko, lambu ne wannan ko kufai?"

Na ce baƙi nake jira.

Ba malam-buɗe-littafi ba,
shi kowa ya san shi, a kan sarkin wasiƙa ma
na raba shi gida-gida shekara talatin a Tolmin.
Danginsa nake nufi, 'yan dare,
waɗanda suka saɓa wa gidansu
suke fita da rana tsaka.

Akwai mai baƙar riga da jan ɗigo shida,
malalaci, a kan kara yake kwana,
sanyin tsauni ya daskarar da shi,
na durƙusa cikin raɓa na ɗauki hotonsa son raina.
Gwiwata ce ta biya.

Amma ɗayan,
mai ruwan toka, mai ɓoye garwashi ƙarƙashin fiffike,
ba ya sauka.
Tsayawa yake a iska kamar an rataye shi da zare,
ya zura dogon harshe cikin fure,
kafin yatsana ya yanke shawara
ya bar mini reshe yana rawa shi kaɗai.
Hoto ɗari huɗu da 'yan kai:
fure, fure, dishi-dishi, fure,
sau ɗaya bakin takalmina.

Jiya, ƙararrawar coci ta buga biyu,
sai muryar Milojka ƙasa-ƙasa,
irin wadda ban taɓa ji a bakinta ba:
"Zo. Ban da gudu. Taho da abin naka."

Ga shi a tagar kicin ɗinta,
kan furannin kasuwa cikin tukwanen roba,
jere reras kamar sojoji,
yana sha, yana sha, ko kallon dajina bai yi ba.

Hannuna na kakkarwa. Ta miƙo kafaɗa,
na ɗora kyamara, muka ɗauke numfashi tare.

Ya fito: ido, harshe, har gashin wutsiya.
Fiffiken ne ya ƙi, ya zama hayaƙi.

Ta daɗe tana kallo. Ta ce,
"Ciyawar nan dai sai ka yanke ta."
Sannan ta tambaye ni
ƙarfe nawa yake dawowa.