Awon Ƙafa

Baba Ganda baduku ne a Birni.
Ba ya yanka fata sai ya ga ƙafa:
a taka takardar siminti, ya zagaya da alli,
ya ce, "Je ka, sai Laraba."

Ni ɗansa, haruffa nake jima.
Shagona na bayan kasuwar Dole,
can tsohuwar kwamfutar Barira ta kwana
ina sabunta mata tsari,
irin tsarin nan mai kamar rijiyar gari:
ka ɗiba, ka yashe, ba mai tambayarka dala.

Na ce wa mai harhaɗawa,
kada ka ba ta takalmin kasuwa,
auna ƙwaƙwalwarta, ka yanka daidai ita.
Saura zaɓi: O2 ko O3?
Biyu tafiyar raƙumi, uku ta ɗan kabu-kabu.
Ƙuruciya ta ce uku.

Sai na shiga karnel da aska.
Direban na'urar da ba ta taɓa gani ba, waje.
Na katin da aka daina ƙerawa tun ina goye, waje.
Na yi ta sassaƙa har ta koma tsinke.

Haruffa na zuba kamar gero daga hudajjen buhu.
Fanka na nishi, shayi ya kai na uku.
Saura ƙiris, kuran ya ɗauke.
Na fita. Duwatsun garin
na biyan dare bashin zafin da suka ci da rana.
Ƙarfe biyu ya dawo. Muka koma farko, ni da ita.

Da asuba ta tashi kafin in aje kofi.
Daƙiƙa tara! Na yi dariya ni kaɗai.

Hantsi, ga Barira da firinta naɗe a zane,
jarrabawar ɗalibai arba'in na jiran bugu.
Muka jona. Shiru.
Shekara shida suna tebur ɗaya,
yau kwamfuta ta ce ba ta san ta ba.
Sunanta na cikin sharar da na yi da dare.

Ba ta yi faɗa ba. Agogo kawai ta duba.

Nan na tuna babban yatsan Baba,
yadda yakan ɗora shi gaban zanen alli
kafin wuƙa ta sauka:
"Ƙafar safe ba ita ce ta la'asar ba.
Bar mata wurin kumbura."

Na mayar da uku biyu, na maido direbobi
har da waɗanda ban san aikinsu ba.
"Sai yaushe?" in ji ta.
Na dubi ƙwan lantarki yana lumshe ido.
Na ce, "Sai Laraba."