Karen da ke Kan Buhuna

A shagon Doña Eulalia, can Iztapalapa,
inda injin wainar masara ke kuka tun asuba,
akwai akwatin gem, ya fi ni tsawo da kamu biyu.
Mama ta aike ni da sulalla biyar,
na dawo da wainar sulalla uku.
Biyun sun shige ramin akwati,
dukan da na sha a gida kuwa, a bar maganar.

Gwanina tsohon masunci ne mai ƙugiya.
Yayana Anselmo, mahauciya yake ɗauka.
A bayansu tashar jirgin ruwa, magariba ta yi jawur,
ga wani ramammen kare a kan buhuna
da ke haushi duk sa'ad da wani ya sha ƙasa.
Sandar ta sha gumin unguwa har ta yi santsi,
maɓallin tsakiya sai ka danna shi da mugunta,
amma kafin ka gama niyya
masunci ya riga ya kai hannu.

Shekarar da Baba ya samu aikin gini
ya shigo da na kaset, a kwalin da aka taɓa buɗewa.
Muka yi ta hura bakinsa kamar masu haɗa wuta.
Masunci ya fito a tsuke, muryarsa ta mai mura,
jan magariba ya koɗe kamar rigar da ta sha wanki,
kare kuwa babu shi.
Wuri ya yi kaɗan, aka bar shi a waje.
Fushinmu na kwana ɗaya ne.
Da babu gara ba daɗi,
muka buga har talabijin ya ɗau zafi.

Na faifai ya dawo da kare, har da jelarsa.
Sai dai kafin kowace karawa, baƙin allo,
jira,
jira,
har Anselmo ya je ya sha ruwa ya dawo,
zuciyar da na tara ta huce a banza.
Dambe da sanyin jiki, ina daɗinsa?

Na waya, ba zan ɓata bakina ba.
Wa ke kai naushi a kan gilashi?

Yanzu ga na zamani a faffaɗan allo,
an wanke shi tas, ana ƙirga gashin gemun masunci.
Anselmo na Chicago, yana wanke-wanke a gidan abinci,
daren Lahadi mukan haɗu ta intanet.
In danna, masunci sai ya yi shawara tukuna,
ƙiftawar ido ɗaya, ba ta fi haka ba,
amma a cikinta mahauciya ta gama da ni.
Na zagi na'ura, na zagi kamfani,
na zagi nisan da ke tsakanin nan da can.

'Yata Itzel, shekara goma sha ɗaya,
tana lasar mangwaro da barkono,
ta ce, "Baba, ko dai yatsan ne?"

Akwatin Doña Eulalia na nan bayan shagona,
na saye shi ranar da 'ya'yanta suka raba gado.
Wata uku ina lalubar wayoyinsa.
Ran Asabar ya kama, da ɗan ƙauri.
Na jefa sulai, na ba Itzel sandar hagu,
na ce yau za ki ga abin da ake kira wasa.
Babu jira, babu makara,
babu wanda zan ɗora wa.

Ta ɗauki mahauciya, jinin baffanta.
Sau uku a jere.
Karen ya yi haushi, muryarsa ta da,
ko kaɗan ba ta dusashe ba,
ni ne a ƙasa.

Na laluba aljihu.
Kuɗin wainar dare ne suka rage.
Na jefa.